Wutar biro da motar ma'aikaci: a kafa ƙa'ida tun da wuri

Wani sabon irin mota ya fara shigowa birnin Yamai, kuma ya zo da wata tambaya da ya kamata magabatan ma'aikatu su amsa tun yanzu. Motar nan tana da ƙarfi iri biyu. Tana da inji mai shan man fetur kamar kowace mota, tana kuma da babban batir wanda ake cikawa da wutar lantarki ta hanyar waya da ake jonawa a bango, kamar dai yadda muke cajin salula. Irin waɗannan motoci ba su yi yawa ba tukuna a titunanmu. Amma duk wanda ya san kasuwar motoci ya san cewa abin da aka hau jiya a Turai da Amurka da Sin, shi ne ake sauke mana gobe daga tashoshin jiragen ruwa na bakin teku.

Ga tambayar. Ma'aikaci ya iso biro da safe, ya ajiye motarsa, kuma motar za ta wuni a tsaye har la'asar sakaliya. Batir ya yi ƙasa. A filin ajiye motoci babu piris, wato ramin nan na bango inda ake jona waya, domin ranar da aka gina ma'aikatunmu na Filato ba wanda ya yi zaton mota za ta nemi kuran. To, ƙaƙa za a yi? Hanya mafi sauƙi ita ce ma'aikacin ya sayo doguwar waya, ya jona ta a bayan teburinsa, ya zuro ta ta taga har zuwa gindin mota. Ra'ayinmu shi ne wannan hanya ba ta dace ba, kuma hani kurum ba zai wadatar ba. Abin da ake bukata shi ne wurin caji na musamman, mai kontar tasa ta awon wuta, wanda mai mota zai biya da kuɗinsa, kuma duk inda hali ya yi, wutar ta fito daga hasken rana.

Kafin mu kawo dalilanmu, yana da kyau a bambanta motocin, domin ana yawan rikita su. Tun shekara ta 1997 kamfanin Toyota ya fitar da Prius a ƙasar Japan, mota mai inji da ɗan ƙaramin batir wanda ke cika kansa in ana tafiya. Wannan ba a jona ta a bango, ba kuma ita muke magana a kai ba. Wadda muke nufi ta biyo baya: kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fitar da tasa a 2008, Chevrolet Volt ta fito a Amurka a 2010, Prius mai jonawa a bango ta fito a 2012, Mitsubishi Outlander kuma a 2013. Batirin irin waɗannan galibi yana ɗaukar kilowat-awa 8 zuwa 20, wato awon nan da kontar gidanku ke ƙirgawa, kuma yana iya kai mota kilomita 30 zuwa 80 ba tare da an ƙona ɗigon mai ba. In batir ya ƙare, inji ya karɓa, tafiya ta ci gaba.

Amfanin motar gaba ɗaya yana ga cajin nan. In ba a caja ta, ta koma motar mai kurum, mai ɗauke da nauyin batir a banza. Turawa sun gwada sun gani. A watan Maris na 2024, hukumar zartaswa ta Tarayyar Turai ta fitar da rahoto bisa awon da aka ɗauko daga cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021. An tarar hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa a kan hanya ya ninka abin da aka rubuta a takarda sau uku da rabi, kuma babban dalili shi ne masu su ba sa cajin su kamar yadda aka zata. Ashe kenan ma'aikacin da ke neman wurin caji yana neman abin da ya dace ne, bai kamata a ɗauke shi mai son banza ba tun kafin a saurare shi.

Wasu za su ce ya caja a gidansa mana. Gaskiya ne, ga mafi yawa wannan ita ce amsa. Daga unguwar Filin Jirgi, ko Talaje, ko Harobanda a ƙetaren gulbi, zuwa ma'aikatun Filato bai wuce kilomita 15 ba, zuwa da dawowa 30, kuma batirin da ya cika da dare yana iya wannan. Amma akwai wanda ke zaune gidan haya da kontar guda tsakanin iyalai uku ko huɗu. Akwai wanda motarsa ke kwana a bakin titi don babu wurin shigar da ita. Akwai kuma daren da wuta ke ɗaukewa a unguwa, ba ta dawowa sai an kusa kiran asuba. Waɗannan bukatarsu ta gaskiya ce, kuma su ne za su fara tunanin doguwar waya.

Dalilinmu na farko na ƙin doguwar waya shi ne gobara. Mota mai caji a piris na bango tana jan ampa 10 a kan bolt 220, wato kilowat 2 da ɗan ɗoriya. Wannan daidai yake da fanka talatin na sama suna juyawa tare, kuma ba hutu, awa huɗu, biyar, har takwas. Piris na biro an sa shi ne don kwamfuta da fitila. In ya tsufa ko bakinsa ya yi sako-sako, zai ɗumama, robar ta narke, kuma a bayansa takardu ne jibge. Doguwar wayar da ake saye a kasuwa sau da yawa siririya ce, in kuma an bar ta a naɗe zafinta ƙaruwa yake. Ku ƙara da ranar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, da ruwan damina da ke kwanciya a fili inda mutane ke takawa. Tsofaffin gine-gine da yawa ba su da wayar ƙasa wadda ke kare mutum in wuta ta ɗigo a jikin ƙarfe. Akwai kuma wani tarko: wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, saboda haka wayar cajin da ke zuwa cikin motar da aka sayo daga can, sau da yawa ba ta ɗaukar tamu ta 220, jona ta kawai ya isa ya ƙona ta. Birnin da ya ga Babbar Kasuwa ta ci wuta a 1982, ya ga Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012, bai kamata a koya masa tsoron gobara ba.

Dalili na biyu shi ne haƙƙi. Takardar kuɗin wutar biro daga baitulmali ake biyanta, wato daga lanhon manomi da makiyayi da ɗan kasuwa. Bari mu yi lissafi a fili. Motar da ke yin kilomita 40 a wuni tana bukatar kamar kilowat-awa 8. In muka ƙaddara kowane guda a kan tamma 100 don sauƙin lissafi, ya zama tamma 800 a wuni. A kwanakin aiki 22, ya haura jikka 17 a wata. Mafi ƙanƙancin albashi da doka ta yanke tun 2024 jikka 42 ne, saboda haka abin da mota guda za ta sha a ɓoye ya kai kashi biyu cikin biyar na albashin mai shara. In motocin suka kai ɗari, kuɗin ya haura miliyan 21 a shekara. Kuma ranar da wutar gari ta ɗauke aka tada injin biro, to da gazuwal ɗin gwamnati ake cika batirin. An daɗe da sanin ƙa'ida game da man motar gwamnati: akwai takardar izini, akwai littafin da ake rubutawa, ba a ɗiba a zuba a motar gida. Wutar da ta shiga batir ita ma mai ce, ko da ido bai gan ta ba. Mai gadi da ke zuwa aiki da ƙafa, da magatakarda mai sayen lita guda a kullum don babur ɗinsa, suna kallo. In babba ya ɗiba a banza, da wane baki za a hana ƙarami?

Dalili na uku shi ne halin da wutar ƙasarmu take ciki. Kamfanin Nigelec, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe yana dogaro da maƙwabta. Tun 1976 layin da ya taso daga Birnin Kebbi ke kawo wa Yamai wutar madatsar ruwa ta Kainji, kuma kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga Nijeriya yake zuwa. A watan Agusta na 2023 aka yanke layin saboda takunkumin CEDEAO, bai dawo ba sai Maris na 2024, kuma kowa ya tuna daren da aka sha. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Tashar Goru Banda da aka buɗe a 2017 mai megawat 80, da ta Gudel, da mai suke aiki. Madatsar Kandaji mai megawat 130 a jihar Tilaberi har yanzu dakon kammala ta ake yi. Lokacin da wuta ta fi ƙaranci shi ne tsakar ranar bazara, sa'ad da na'urorin sanyaya ɗaki ke kunne a kowane biro, da kuma bayan magariba. Wanda ya jona motarsa da azahar a layin gari ya ƙara nauyi ne daidai lokacin da ake raba wuta unguwa-unguwa, kuma man da ya ce ya huta da shi, ana ƙona shi a Goru Banda a madadinsa.

Ya kamata masu motocin su san wani abu kuma. A 2024 an sauke kuɗin litar fetur daga tamma 540 zuwa 499, wato dala ɗari babu tamma guda. Kilomita 40 ɗin nan, in da inji aka yi su, lita biyu ne zuwa biyu da rabi, kamar jikka guda zuwa jikka da dala 50. In da wutar da aka biya ne, tamma 800. Ribar tana nan, amma ba ta kai yadda dillalai ke faɗi ba. Tana zama babba ne ta hanya biyu kurum: ko a ɗiba a banza daga dukiyar jama'a, ko a samo wutar daga rana. Ta farko mun ƙi ta. Ta biyu ita muke kira gare ta.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1965 aka kafa ONERSOL, ofishin makamashin rana, kuma Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabance shi daga 1969 zuwa 1985. A nan Yamai aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana tun lokacin da ƙasashe da yawa ba su waiwayi abin ba. A 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, a ƙarshen 2023 kuma ta Goru Banda mai megawat 30 ta fara ba da wuta, daidai lokacin da ake tsananin bukatarta. Abin da aka yi a babba ana iya yin sa a ƙarami. Wurin ajiye mota guda mita 5 ne a tsawo, biyu da rabi a faɗi. Rumfa a kansa tana ɗaukar faifan hasken rana biyar, waɗanda ke ba da kilowat 2 da ɗoriya, kuma a ranar Yamai suna tara kamar kilowat-awa 10 a wuni muddin ana share musu ƙura, musamman lokacin hunturu. Wannan ya ishi mota guda har da saura. Motar ma'aikaci tana tsaye ne daidai awoyin da rana ke sama. Rumfar kuma inuwa ce, batir kuwa ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi. Ranar da ba mota a ƙarƙashi, wutar ta shiga biro ta rage wa gwamnati kuɗi.

Wasu ƙasashe sun riga sun yi nasu tsarin. A Sakkwato, nan kusa da mu, hukumar ƙera motoci ta Nijeriya ta buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a watan Afrilu na 2021. A Faransa dokar sufuri ta Disamba 2019 ta wajabta cewa daga Janairu 2025, ginin da ba na kwana ba wanda ke da wurin ajiye motoci fiye da 20 sai ya tanadi wurin caji. Kenya ta yanke kuɗin wuta na musamman don cajin motoci a 2023, ta kuma rage shi da rabi cikin dare don a ja mutane zuwa lokacin da layi ke da sauƙi. Habasha ta hana shigo da motocin mai na hawa a 2024, amma ita tana da manyan madatsun ruwa da ke ba ta wuta mai arha. Mu ba mu kai nan ba, bai kuma kamata mu kwaikwayi kowa ido rufe ba. Darasin da za mu ɗauka guda ne: kowannensu ya rubuta ƙa'ida, bai bar abin ga mai gadi da darekta su yi ta jayayya a bakin ƙofa ba.

Saboda haka muna ba magabata shawara kamar haka. Na farko, a fitar da takardar umurni zuwa dukan ma'aikatu da kamfanonin gwamnati, ta hana jona mota a piris na cikin biro, ko motar wa ce, tun daga babban darekta har ƙasa. Na biyu, ma'aikatar da ke da masu bukata ta sa ƙwararren mai aikin lantarki ya ja layi na musamman zuwa filin motoci, da waya mai kauri, da wayar ƙasa, da na'urar da ke katse wuta da kanta in ta ji ɗigo, da murfi mai hana ruwa. Kada layin ya bi ta injin biro. Na uku, a sa masa kontar irin ta biya kafin ka sha, wadda jama'a suka riga suka saba da ita a gidaje, don kowa ya sayi abin da zai sha, ba bashi ba alfarma. Na huɗu, hukumar ARSE mai daidaita harkar makamashi, wadda aka kafa a 2015, ta zauna da Nigelec su fayyace kuɗin caji da wanda ke da izinin karɓarsa, su kuma duba saukin kuɗi ga mai caji tsakar dare. Na biyar, duk sabon ginin gwamnati da za a zana, a sa rumfar hasken rana da bututun waya a filin motoci tun a takarda, domin tun ran gini tun ran zane, kuma fasa kwalta daga baya ya fi tsada. Hukumar ANERSOL, magajiyar ONERSOL, tana iya fitar da samfurin rumfa guda da maƙeranmu za su iya haɗawa. Na shida, ma'aikatan duwan su riƙa rubuta irin waɗannan motoci daban a littafinsu, don a san yawansu shekara-shekara kafin su fi ƙarfin layi.

Ku kuma masu motocin, ga namu gare ku. Kafin ku saya, ku tambayi kanku inda za ku riƙa caji, ku duba abin da aka rubuta a jikin wayar, ko tana ɗaukar bolt 220. A gida, ku sa a ja muku layi na musamman, ku kuma jona bayan tsakar dare, lokacin da gari ya kwanta. In gidan haya ne, ku sasanta da maƙwabta a kan kuɗi tun farko. A wurin aiki, in babu piris, ku rubuta takarda zuwa ga shugaban ma'aikata, ku haɗa kai da masu bukata irin taku, ku nuna cewa a shirye kuke ku biya, har ma ku sa hannu a kuɗin rumfar. Kafin amsa ta zo, ku tuna motarku tana da inji, ba za ta bar ku a hanya ba. Lita biyu ta mai ta fi sauƙi a kan takardun ma'aikata da suka ƙone, ko sunan mutum da ya ɓaci.

Mun san wani mai karatu a Dogon Dutsi ko Tasawa zai ce: a ƙasar da mutum ɗaya cikin biyar kurum ke da lantarki, ina ruwanmu da motar manya? Maganarsa tana da nauyi, kuma ita ce ma ta sa muka yi wannan rubutu. Tunda wutar ba ta ishi kowa ba, bai halatta wanda ya riga ya samu mota da albashi ya ƙara ɗibar rabon da asibiti da lakwal ke jira ba. Bayan haka, abin ba zai tsaya ga manya ba. Wahalar man da aka sha a watan Maris na 2025, lokacin da layuka suka yi tsawo a gidajen mai duk da matatar SORAZ da ke aiki a Damagaram tun 2011, ta sa mutane da yawa tunanin abin hawa mai batir. Babura da kekuna masu ƙafa uku na lantarki suna tafe, kuma masu su ƙananan ma'aikata ne da ƴan kabu-kabu. Ƙa'idar da aka kafa yau don motar darekta, ita za ta yi wa mai babur aiki gobe, rumfar da aka gina kuma za ta ɗauke su duka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau motocin kaɗan ne, takarda guda da ɗan kuɗi sun isa a daidaita al'amarin. In aka bari doguwar waya ta zama al'ada, ranar da za a zo cire ta za a tarar kowa yana ganin haƙƙinsa ne aka taɓa. Muna kira ga ma'aikatar ministan makamashi, da ta kuɗi, da ta ma'aikatan gwamnati, su ɗauki wannan magana tun kafin bazara mai zuwa, su zaɓi ma'aikata guda ko biyu a Filato a fara gwaji, a kuma bayyana wa jama'a abin da aka kashe da abin da aka samu.